Musayar waƙa: wa ya sayar, wa ke noma?

Bazazzagi:
Da sunan Allah na buɗe fage,
Zancen Falasɗinu za mu tsara.
A 1878 Yahudawa suka kafa ƙauyen Petah Tikva,
Gefen kogin Yarkon, inda sauro ya tara.
Zazzaɓi ya kore su suka watse,
Sai 1883 suka sake fara.

Bakanuwa:
Malam ka kama reshe ka bar saiwa,
Zance ka faro shi daga tushensa.
Dokar Usmaniyya ta 1858
Ta ce kowa ya rubuta filinsa.
Manomi na tsoron haraji da aikin soja,
Ya bar attajiri ya sa sunansa.
Takarda a Beirut, garma a ƙauye,
Ran ciniki wa ya nemi ra'ayinsa?

Malam Aruli:
Hajiya, a karanta 1858 da baki a ƙirga gaɓoɓin. Wane kari ne zai ɗauke ta? Layin ya karye.

Bakanuwa:
Na Bazazzagi shekara biyu ya cusa, ba ka gani ba sai nawa?

Bazazzagi:
Kanawa ko a waƙa sai ciniki!
To buɗe kunne ki sha lissafi:
Gidan Sursock, attajiran Beirut, suka sai da kwarin Marj Ibn Amir,
Hankin ya saya wa Yahudawa, Ingila na riƙe da ƙarfi.
Asusun sayen fili na Yahudawa da aka kafa a 1901,
In ya sayi fili ba ya sakinsa, ya yi kafi.
'Yan haya na Larabawa aka tasa,
Nahalal, ƙauyen Yahudawa, ta zauna a 1921, da'ira mai tsafi.

Malam Aruli:
"Mai tsafi" don amsa-amo kawai aka jawo ta. Tsarin gari ne: gidaje a zagaye, gonaki a bayansu.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya ƙara basira Hajiya, ke ce gwanar wannan fage!
Ku bar Aruli da awon gaɓa,
Ku zo Hadera ku ga wahala.
An dasa itacen turare don ya shanye fadama,
Sauro bai san da wannan dabara ba, wallah.
Sai da aka haƙa magudanan ruwa
Zazzaɓi ya fara sassauta ƙulla.

Bakanuwa:
Na gode ɗan'uwa. Bazazzagi, karɓi:
Ka san hasumiya da katanga?
Daga 1936 zuwa 1939 aka yi ta.
Katako biyu, a cika tsakani da tsakuwa,
Harsashi in ya zo ba ya ratsa ta.
A harhaɗa kaya a ƙauyen kusa,
Kafin dare hasumiya ta tsaya da fitilarta.
Ƙauyukan Yahudawa sama da hamsin aka kafa haka,
Iyaka ake ja tun ba a zana ta.

Bazazzagi:
Kin yi ƙoƙari, saura taswira:
Bakin teku da kwari aka fi saya,
Tuddan Nablus da Hebron na hannun masu su,
Ƙauyuka cike, ciniki ya yi wuya.
Abin da Yahudawa suka mallaka bai kai kashi 7 cikin 100 ba,
A 1947 shirin rabo na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba su fiye da rabi, kin ji ta ɗaya.

Malam Aruli:
"Kin ji ta ɗaya" kuma mene ne? A faɗa wa mutane cewa hamadar Negev ce babban ɓangaren rabin nan, sannan a gyara baitin.

Ɗan Maraɗi:
To Malam, kai ka yi mana naka mu gani. Tun jiya muke jira.