Ƙungiyar kurket ta unguwarmu ta rasa fili: ta yaya za mu tsara kakar bana?

Ɗan Yantala ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar wasan kurket a nan Yamai, kuma na san da yawanku za su yi mamakin jin cewa akwai masu buga wannan wasa a garin da ƙwallon ƙafa da kokawa suka gama da zukatan matasa. Ƙungiyar ta tsiro ne daga fadar shayi ta layinmu, lokacin da wani yayanmu da ya yi karatu a Indiya ya dawo gida da sandunan bugu biyu da ƙwallo, ya riƙa koya mana bayan sallar la'asar a wani kangon fili da ke bayan gidajenmu. Yau shekara 6 ke nan, kuma mun kai mutum 26, wato muna iya fitar da ɓangare biyu na mutum 11, a samu alƙalin wasa da mai rubuta maki.

A kakar da ta wuce mun buga wasa 9 a tsakaninmu, sai kuma wasa 2 da wasu ƴan kasuwa mutanen Asiya mazauna garin nan. Duka biyun sun ci mu, amma a na biyun da maki kaɗan suka wuce mu, abin da ya ƙara wa yaranmu ƙwarin guiwa ƙwarai. Sai dai bana abubuwa sun cakuɗe mana. Mai kangon nan ya sayar da shi, an riga an zube yashi da bulo, kuma ba mu da bakin magana tun da dama aro muka yi. Ban da wannan, bara mun makara, sai cikin Fabrairu muka fara, kafin mu kai rabi zafi ya kore mu. Abin da ya fi ci mani rai kuwa shi ne, waɗanda suka kafa ƙungiyar sun watse, wasu sun tafi Kwatano neman kuɗi, wasu suna Agadas, wasu hidimar iyali ta riƙe su, kuma littafin da muke rubuta makinmu na shekara 4 na farko ruwa ya ci shi a daminar da ta shiga ɗakin ajiyarmu. Yaran da suka shigo daga baya ko sunayen magabatansu ba su sani ba.

Ina roƙon masu sani su ba mu shawara a kan lokacin da ya dace mu fara da wanda ya dace mu rufe, da irin filin da za mu nema da yadda ake gyara shi, da kuma yadda za mu maido da tsofaffin ƴan wasanmu jikin ƙungiya.

Tsohon Malamin Wasanni, Bukoki:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na koyar da wasannin motsa jiki a makarantu shekaru masu yawa kafin in huta, kuma ko da yake ban taɓa riƙe sandar kurket a gasa ba, na karanta dokokinsa, na kuma san ƙasar garin nan da yanayinsa.

Game da lokaci, kada ku dubi yadda ake yi a Ingila, inda kakar take farawa a Afrilu ta ƙare a Satumba, domin su lokacin ne suke samun rana da ɗumi, mu kuwa watannin nan su ne na bazara mai ƙuna da damina. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, kuma babu uban da zai yarda ɗansa ya tsaya sa'a uku a tsakar fili cikin wannan rana. Naku lokacin shi ne sanyi. Ku ba watan Oktoba ga sharar fili, tun da damina takan bar ƙarangiya da tsidau waɗanda za su hana yaro ya faɗi ƙasa ya tare ƙwallo, sannan ku fara wasa a makon farko na Nuwamba, ku rufe kafin tsakiyar Fabrairu. Wannan zai ba ku kamar mako 14, kuma zai sa ku gama kafin azumi, wanda a ƴan shekarun nan yake faɗowa cikin Fabrairu da Maris. Ku lura da ranakun da hazo ya yi kauri a Disamba da Janairu, domin mai bugun da bai ga ƙwallo ya baro hannun mai jifa da kyau ba yana cikin haɗari, gara a ɗage wasan ranar. Ina kuma ganin kada ku tilasta wa kanku zubi 20 ga kowane ɓangare kamar yadda ake yi a manyan gasa. Tun da jifa 6 ne zubi ɗaya, zubi 12 ya ishe ku ku fara da hantsi ku watse kafin azahar.

Maganar fili ita ce babba. Ku daina neman kango, domin kowane kango a garin nan yana da mai shi, kuma ranar da ya sami kuɗin gini ba zai tuna da ku ba. Ku nemi filin makaranta, ku je wurin shugabanta tare da mai unguwa da dattijo ɗaya ko biyu daga iyayenku, a rubuta yarjejeniya a takarda da sa hannun kwamitin iyayen yara, a fayyace rana da sa'a. Safiyar Lahadi ta fi sauƙin samu, saboda ƴan ƙwallon ƙafa sun fi son yamma.

Abin da ya kamata ku kashe wa ƙarfinku shi ne zirin tsakiya inda ake jifa da bugu. A doka tsawonsa mita 20.12 ne daga turakan da ake kafawa a bayan mai bugu a wannan gefe zuwa na wancan, faɗinsa kuma mita 3.05. Rairayin Yamai yana shanye ƙarfin ƙwallo, ba ya bari ya tashi, don haka sai an yi wa wurin daɓe. Ku kwashe rairayin sama, ku zuba jar ƙasa irin ta burji wadda aka tankaɗe aka cire manyan duwatsu, ku yayyafa ruwa, ku daddaɓe, ku bari ta sha iska, ku sake, har sau uku ko huɗu. Wannan ba baƙon aiki ba ne a wurinmu, iyayenmu mata sun daɗe suna daɓe ɗakin amarya da madaɓi da ruwan makuba har ya yi sumul kamar siminti, kuma idan kun sami tsohuwar da ta iya, ku nemi ta duba muku aikin. Siminti kam ban ba ku shawararsa ba a tsakiyar filin da wasu suke buga ƙwallon ƙafa, domin ranar da yaro ya faɗi a kansa ya ji ciwo, ranar za a kore ku.

Baƙon Kaduna, kasuwar Wadata:

Baba malam, Allah ya ƙara girma, bayaninku ya gamsar. Ina da ɗan ƙari a wuri ɗaya kawai, a matsayina na wanda ya buga wasan nan a makarantar sakandare a Najeriya kafin kasuwanci ya kawo ni Yamai.

Ina tsoron kada jiran daɓe da neman kayan doka su cinye wa yaran nan kakar baki ɗaya. Ƙwallon kurket na asali fata ne a kan wani abu mai tauri, nauyinsa tsakanin giram 156 da 163, kuma ba a fuskantarsa sai da hular kwano da kariyar ƙwauri da safar hannu, kayan da ba a samunsu a kasuwannin nan sai an yi saƙo. A Karachi ta Pakistan matasa sun daɗe da samo mafita: sukan ɗauki ƙwallon tanis su naɗe shi da salatif ɗin masu gyaran wuta, sai ya ƙara nauyi da gudu amma ba ya fasa kai. Da shi ake wasa a tituna da filayen unguwa, kuma da yawan masu jifa da ƙarfi na ƙasar da shi suka fara. Ɗan'uwa, ku buɗe kakarku da irin wannan ƙwallo a duk wuri mai tauri da kuka samu, aikin daɓen yana tafiya a gefe, ku ajiye ƙwallon fata don wasa 2 ko 3 na ƙarshe.

Kada kuma ƙanƙantarku ta karya muku zuciya. Samarin Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, kuma a Janairun 2025 ƴan matanmu na wannan rukuni sun doke Niyuzilan da maki 2 a Malesiya. Maƙwabciyarku Mali ma tana da ƙungiya. A 2019 matan Mali sun je gasa a Kigali, Ruwanda ta fitar da masu bugunsu duka daga wasa alhali maki 6 kacal suka ci, duniya ta yi ta magana, amma ni abin da na gani shi ne ƙasar Sahel mai magana da Faransanci ta iya tara mata 11 ta kai su fili. Ita kanta Ruwandan sai a 2017 ta buɗe filinta na Gahanga. Ga shi kuma kurket zai koma gasar Olamfik a Los Anjelis a 2028, bayan rabonsa da ita tun ta Faris a 1900. Ina da tsofaffin safar hannu da kariyar ƙwauri a gida, zan kawo muku idan na dawo daga tafiya.

Uwar Ƴan Biyu, Talaje:

Ƙanena, ni ban san dokar wasanku ba, amma na san abin da uwa take dubawa kafin ta bar ɗanta ya fita. A sami inuwa, ko ta bedi ko rumfar zana, a sami ruwan sha mai tsabta wanda ba a jarkar mai aka zubo shi ba, a kuma sami babban mutum ɗaya da za a tambaya idan wani abu ya faru. Idan kuka je wurin shugaban makaranta, ku ce za ku ware sa'a ɗaya ku koya wa ɗalibansa, har da ƴan mata, za ku ga yadda maganar za ta yi sauƙi. Nawa biyun mata ne, shekararsu 12, kuma zan kawo su da kaina idan na ga tsarin ya kwanta mani.

Ba'adare, daga Tawa:

Gaisuwa ga malam da hajiya da sauran jama'a. Kowa ya yi magana a kan fili da lokaci, ni kuwa tambaya ta uku ce ta tsaya mani a rai, kuma a ganina ita ce za ta raya ƙungiyar ko ta kashe ta.

Mu nan Adar mun san darajar tuna magabata a fagen wasa. A nan Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kuma har yau yaron da aka haifa shekaru da yawa bayan haka ya san sunansa kamar yadda ya san na Isaka Isaka na Doso. Dalili shi ne kokawa tana da makaɗa da maroƙa da tsofaffin ƴan kokawa da ke zama bakin fage suna ba da labarin wanda ya kayar da wane. Kurket ba shi da makaɗi, littafin maki shi ne marokinsa, shi ya sa asarar littafinku ta fi asarar kangon nan zafi. Fili ana samun wani, amma makin da yayanku ya ci ranar farko, in waɗanda suka gani suka manta, ya tafi ke nan.

Dubi Don Biradman na Ostireliya, wanda masana da yawa suke ɗauka babu mai bugu kamarsa. Yana yaro a ƙaramin garin Bowral, aikinsa shi ne rubuta wa ƙungiyar garin maki, sai wata rana mutum ɗaya bai zo ba aka sa shi ya cike gurbi. Da ya yi wasansa na ƙarshe wa ƙasarsa a Landan a 1948, maki 4 kawai yake buƙata matsakaicin makinsa ya cika 100, aka fitar da shi bai ci ko ɗaya ba, ya tsaya a 99.94. Ba don an rubuta kowane bugu nasa ba, da babu wanda zai san wannan, kuma yau filin garin nasu sunansa yake amsawa. A filin Lord's na Landan kuwa akwai alluna a ɗakin ƴan wasa da ake rubuta sunan wanda ya ci maki 100 ko ya fitar da mutum 5 a babban wasa.

Saboda haka, ƙanena, tun kafin ku taɓa jar ƙasa, ka kira tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, na Kwatano da na Agadas ka neme su ta WhatsApp, kowa ya faɗi abin da ya tuna: wa ya fara zuwa, wa ya fara buga ƙwallo ya tsallake iyaka ta sama ya ci 6, wace rana aka fara cika mutum 22. Inda bakinsu ya zo ɗaya ka rubuta, inda suka saɓa ka rubuta duka biyun. Ka sa mai fenti ya rubuta sunayensu a allon katako da shekarar da kowa ya shigo, a riƙa jingine shi bakin fili ranar wasa. Waɗanda ke gari kuma kada ku fara tunkararsu da maganar kuɗi, ku ba su matsayi tukuna, wannan alƙalin wasa, wancan mai horar da masu jifa, tun da da tsohuwar zuma ake magani. Ku kuma ware wasan rufe kaka ya zama tsakanin tsofaffi da sababbi.

Ɗan Yantala ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna jiya da dare a fada, mun tsayar da Lahadin farko ta Nuwamba a matsayin ranar buɗewa, da ƙwallon tanis mai salatif, zubi 12. Mai unguwa ya amince zai raka mu wata makaranta da ke kusa da mu ranar Alhamis, kuma za mu gabatar da maganar koyar da ɗalibai kamar yadda hajiya ta ce. Na riga na yi magana da mutum 5 daga cikin 8 da suka kafa ƙungiyar, kuma ɗaya daga cikinsu ya ce yana da hotunan wasu shafuka na tsohon littafin a wayarsa. Baba malam, idan aka ba mu filin, muna roƙon ku zo ku duba mana gefen da ya dace a shimfiɗa zirin, domin kada rana ta riƙa dukan idon mai bugu da safe.