Ƙuraje masu ƙaiƙayi a wuyan hannu, likita ya ce laiken filanus ne

Maman Yara:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka. Ƙanwata ce ƙuraje suka feso mata a wuyan hannu da idon sawu, kansu a baje, suna ɗan sheƙi, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana. An shafa maganin makero har an gaji. Yanzu likitan fata ya ce laiken filanus ne, ya rubuta mata kilobetasol. Ana ɗauka ne? Yaya ake shafa man, tunda an ce yana ɓata fata? Baƙin tabon da suke bari fa?

Likitan Fata:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Ba a ɗauka, ko da kwano ɗaya ake ci, shimfiɗa ɗaya ake kwana. Garkuwar jiki ce ta juya tana yaƙar fatar mai ita, babu wata ƙwayar cuta a wurin, shi ya sa maganin makero bai yi komai ba. Littattafai suna cewa ƙurajen launin shunayya ne, amma a baƙar fata sun fi zuwa a ruwan ƙasa mai duhu ko toka-toka. A ɗiga ɗan mai a kan guda ɗaya a duba a haske, sau da yawa za a ga siraran fararen layuka kamar saƙar gizo-gizo. Ta kiyayi susa, domin inda farce ya karta, nan sababbi suke fitowa a jere.

Abu biyu kada a tsallake. A yi mata gwajin ciwon hanta nau'in C, don akwai alaƙa tsakaninsu. Sannan ta kai wa likita duk magungunan da take sha. Kulorokwin, kwinin, da wasu na hawan jini irin su kaftofiril da metildofa suna iya kawo ƙuraje masu kama da waɗannan, wani lokaci sai bayan watanni da fara sha. Amma kada ta ajiye maganin hawan jini da kanta, likita ne zai canza. Laiken filanus na fata yawanci yakan lafa cikin shekara 1 zuwa 2.

Mai Haɗa Magani:
Gaskiya ne kilobetasol yana ɓata fata, Hajiya, idan aka mayar da shi man shafawa. Ga ma'auni: a matso man daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A kan ƙurajen kawai, sau 1 ko 2 a rana yadda aka rubuta, mako 2 zuwa 4, sai a koma likita ya rage. Kada a wuce giram 50 a mako. Ban da fuska, hamata da matsematsi, fatarsu siririya ce.

Inda ake kuskure shi ne tabo. Idan aka shafa hannu aka ji wurin ya kwanta, ƙaiƙayi ya tafi, to aikin man ya ƙare ko da baƙin yana nan. Masu ci gaba da lafta shi don wurin ya yi haske su ne ke ƙarewa da fata kamar leda, ga nankarwa, ga jijiyoyi a waje. Don ƙaiƙayin dare, kulofeniramin miligiram 4 kafin kwanciya yana taimakawa, sai dai yana sa gyangyaɗi. Baselin bayan wanka, kuma a jingine soso mai kaushi. Masu kauri da ke fitowa a ƙwauri ba kasafai suke jin shafawa ba, su allura ake yi musu a cikin ƙurjin.

Likitar Haƙori:
Yaya, ciwon yakan fito a baki ma, don haka a buɗe bakinta a haska cikin kumatu da gefen harshe. Fararen layuka marasa zafi ba sa buƙatar magani, ido kawai za a sa. Idan wurin ya yi ja ko ya saɓule, yaji, lemon tsami, tumatir da abinci mai zafi za su riƙa ƙona ta, man goge baki mai yawan kumfa ma haka. Na baki ya fi na fata naci, yakan kai shekaru, kuma kaɗan daga cikinsa, wajen 1 cikin 100, na iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Don haka a riƙa zuwa dubawa duk wata 6 zuwa shekara, a nisanci taba, kuma gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba a yanki ɗan nama a gwada.

Likitan Fata:
Na manta amsar tabo. Launin ya zube ne can ƙasan fata inda man bilicin ba ya kaiwa, sai dai ya haskaka kewayen, tabon ya ƙara fitowa. Da kansa yake dusashewa, wani cikin watanni, wani ya haura shekara, rana kuma tana ƙara masa duhu, don haka ta riƙa rufe wurin. Wanda ba a jira shi ne na kai da na farce. Idan gashi ya fara zubewa a wuri ɗaya ko farce ya soma tsagewa yana siririncewa, a koma asibiti a makon, domin inda ya yi tabo gashin ba ya sake tsirowa.