Laburarena yana cijewa: in rushe in sake gini, ko in yi faci?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan laburare na Python da ke tura wa wasu 'yan Kantin Kwari saƙon rasit. Da farko kowane haɗi zare guda (thread, wato layin aiki mai gudana daban) nake buɗe masa. Daga baya na cusa asyncio, tsarin Python na juya ayyuka da yawa a zare ɗaya, ban cire zarurrukan ba. Yanzu in ciniki ya yi zafi, musamman gab da sallah, sai komai ya tsaya cak, ko saƙon kuskure babu, sai na kashe na kunna. Zuciyata na raya min in rushe duka. Me kuka gani?

Wani daga Zoo Road: Wa alaikumus salam. Rushe kawai malam, asyncio zalla ya ishe ka.

Wata daga Tarauni: A'a, kar ya rushe ana tsakiyar kasuwa. Ɗan'uwa, ina kyautata zaton kana taɓa lup ɗin (event loop, mai juya ayyukan asyncio) kai tsaye daga wani zare. Yawancin kayan asyncio ba a yi su don haka ba. Zare ɗaya ne zai mallaki lup, sauran su miƙa saƙo ta ƙofa: call_soon_threadsafe, ko run_coroutine_threadsafe in kana jiran amsa. Kamar shago ne, mutum ɗaya ke riƙe aljihun kuɗi, yara sai dai su miƙo masa. Amma kar ka kira result(), mai jiran amsar, daga zaren lup ɗin, zai zauna jiran kansa ne har abada. Ni kwana biyu wannan ya cinye min.

Mai tambaya: Innalillahi! Yaya, wallahi akwai result() a wurin tura saƙon.

Wani dattijon rukuni: To ka ga ɓarawon, ƙanena. Kafin ka taɓa komai, rubuta gwajin da zai sa ya cije da gangan, in ba haka ba ba za ka san ka gyara ba. Sannan ka kunna debug=True a asyncio.run, zai tona duk aikin da ya riƙe lup sama da milisakan 100. Masu nauyin ka tura su wani zare ta to_thread, tun Python 3.9 yana nan. Sunayen da masu amfani ke kira kuwa kar ka canza, ciki kawai za ka gyara.

Wani daga Zoo Road: Ai an ce Python 3.13 ya cire GIL, makullin nan da ke hana zarurruka gudanar da lambar Python a lokaci guda.

Wani dattijon rukuni: Gini ne na gwaji daban da ya zo a 2024, kuma ba GIL ne ya cije masa ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Bayan isha'i zan rubuta gwajin, in an kawo wuta.