Macijin kiwo "mai ɗan dafi": wa ya taɓa sara a cikinku?

Baban Ummi, Ali Ɗan Sofo:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ya sayi wani siririn maciji hannun gardi, ya sa shi cikin akwatin gilashi a ɗakinsa, wai dafinsa ba ya kisa. Gidan kuwa cike yake da yara, hankalina ya ƙi kwanciya. Wanda irin wannan ya taɓa sara, ko ya gani da idonsa, don Allah ya ba mu labari.

Tela daga Zariya:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni tsadaraki na taɓa ajiyewa. Wata rana na miƙa masa ƙadangare, sai ya haɗa da yatsana. Bai sara ya saki ba, riƙewa ya yi yana taunawa. Da farko ƙaiƙayi kawai na ji, kafin la'asar kumburi ya kai wuyan hannu, zoben azurfana ya nutse cikin nama sai da maƙeri ya yanke shi. A likita suka wanke wurin, suka yi mini allurar tetanos. Na jima ban iya riƙe almakashi ba, ɗinkin mutane ya taru.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Irin waɗannan haƙoran dafinsu can ƙuryar baki suke, shi ya sa sai sun tauna dafin ke shiga sosai. Amma Baban Ummi, kada wannan ya kwantar maka da hankali. A 1957 wani masanin macizai a Chicago ta Amurka, Karl Schmidt, ƙaramin boomslang, wani macijin bishiya na Afirka, ya sare shi a babban yatsa. Shi ma haƙoransa a baya suke. Mutumin bai je asibiti ba, yana ta rubuta abin da yake ji, washegari ya rasu saboda zubar jini. Wanda ya ƙare rayuwarsa kan macizai ke nan fa.
Abin da ya fi tsorata ni a nan ƙasarmu shi ne kububuwa. Macijin nan mai haɗiye ƙwai, wanda ba shi da dafi, zanensa kamar nata ne, har gogar jiki yake yi ya fitar da sauti irin nata. Wa zai rantse maka wanne aka sayar wa ƙanenka? Saran kububuwa na iya barin mutum yana hira lafiya, alhali jininsa ya daina daskarewa.

Hajiya, Tibiri:
Gaskiyarki ɗiyata. Jikan maƙwabciyata igiyar ƙasa da yayansa ke wasa da ita ta taɓa shi a ƙafa. Aka ɗaure da robar taya tamau, aka tsaga da reza, aka manna baƙin dutse. Wallahi dafin bai yi masa rabin abin da ɗaurin ya yi ba. Ƙafar ta yi baƙi, tsagar ta ruɓe, yaro ya sha wuya har bayan girbi. Har yanzu in na tuna kukansa raina ɓaci yake.

Jikan gardawa, Madarumfa:
Ina wuni Hajiya. Kakana sana'arsa ke nan, na tashi ina ganin ƙwaryar macizai a zaure. In an ce maka an cire haƙori, to wani na tsirowa, ba a daɗe ba. Shi kansa da ya sha magani tun yana yaro, yatsunsa biyu a lanƙwashe suka tsufa.

Tela daga Zariya:
To Malama, duk sara sai an yi allurar kashe dafi?

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
A'a Malam, likita ne ke yanke wannan. Ana ɗibar jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi ya yi aiki. A gida dai a cire zobe da agogo nan take, a wanke da ruwa da sabulu, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. A hana mutum tafiya da ƙafa, a ɗauke shi a kai likita ko da yana cewa ba ya jin komai. In za a iya ɗaukar hoton macijin daga nesa, a ɗauka. Jini a dasashi ko cikin fitsari, amai, ko fatar ido ta fara nauyi, waɗannan ba a jira gari ya waye.