Neman kalma: me za mu kira fusion splicer da cleaver da Hausa?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka, gobe da safe zan kai takardar darasi wurin bugawa saboda ajin ranar Asabar, yaran namu masu koyon aikin faiba (zaren gilashi mai ɗaukar saƙon intanet ta hanyar haske) ne a nan Kano kuma yawancinsu Hausa suka fi ganewa. Babin yadda mai ƙaramin jari zai zaɓi kayan aiki ne ya tsaya min, na rasa me zan kira fusion splicer da cleaver, sai kuma bambancin core alignment da cladding alignment.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam. Injin waldar faiba kawai, ai walda yake yi, tartsatsin lantarki ne tsakanin tsinke biyu yake narka bakin gilashin su haɗe su zama ɗaya. Mu a fili silaisa muke cewa amma a takarda sa walda.

Isufu Maraɗi: Mu nan da Faransanci soudeuse ake ce mata, ma'anarta mai walda ɗin ce dai, don haka ko an kawo takardar nan Nijar za a gane.

Malam Garba: Walda ba Hausa ba ce, faiba ba Hausa ba ce, inji ma haka. An gudu daga Turanci an faɗa Turanci. Ni na daɗe ina cewa na'urar auren zaren haske, manomi yana yi wa mangwaro aure, ya yanka reshe biyu ya daidaita bakinsu ya ɗaure su zama rai ɗaya, to me ya raba shi da wannan aikin?

Hajiya Rabi: Malam Garba kalmar ta yi daɗi a kunne wallahi, amma ni da nake fassara a rediyo in na ce an yi wa zare aure sai na ƙara jimla uku ina bayani. Walda kuwa har tsohuwa ta san ta.

Malam Garba: Hajiya da haka aka kashe mana kalmomi, kowa ya ce sauƙi yake nema. Wa ya san na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin a yi ta maimaita ta?

Ɗanjuma: To Baba ai ita ma kwamfuta ce ta ci kasuwa.

Injiniya Bala: Ni abin da ya fi damuna Malam Sani kada yaro ya karanta ya je ya sayi abin da bai dace ba. Gilashin nan kaurinsa maikiron 125 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), inda hasken yake bi a tsakiya kuma wajen maikiron 9 kacal. Inji mai tsada yana kallon tsakiyar nan da kyamara yana motsa zaren har su yi saiti, mai araha kuma kwantar da su kawai yake a cikin ɗan kwari ya daidaita bayansu, in ƙura ta shiga kwarin shi ke nan an samu asara, kuma ka san ƙurarmu lokacin hunturu. Wanda zai riƙa ja wa gidaje da shaguna layi, na China irin Signal Fire ko Jilong ya ishe shi, Fujikura da Sumitomo na Japan kuɗinsu ya ninka sau da yawa, sai mai kwangilar babban layi. Ya dai tambaya ko ana samun tsinkayen wutar a kasuwa don bayan haɗi 'yan dubbai sai an canza su.

Hajiya Rabi: To ga shi Injiniya ya ba ka da bakinsa. Mai saita zuciya da mai saita jiki. Robar da ake feɗewa a waje kuma riga.

Malam Garba: Ɓargo ya fi zuciya, shi ne yake bin tsawon ƙashi a ciki. Zuciya wuri ɗaya take.

Malam Sani: Kai wannan gaskiya ne Malam, ɓargo ya zauna daram. Saura cleaver.

Ɗanjuma: Reza ko almakashin faiba.

Injiniya Bala: A'a Ɗanjuma kada a sa almakashi, yaro zai ɗauka yanka ake yi. Ba ta yanka, ɗan karce gilashin take yi sai ya karye a miƙe, karkacewar bakin ma so ake kada ta kai digiri 1. Kuma Malam rubuta musu da babban baƙi, in kuɗi ya gaza a rage a inji kada a rage a nan, na ga mai inji na miliyoyi yana ta maimaita haɗi saboda wannan 'yar abar tasa ta dakushe. Sai sifirit mai tsafta na gogewa da tocilan ja ta gwaji da mitar haske, OTDR kuwa, wato na'urar da ke nuna inda layi ya karye ko yake asarar haske, a yi haya in aiki ya taso.

Isufu Maraɗi: Aska fa? Wanzami ma ba datsewa yake ba, tsaga yake yi.

Malam Garba: Matsagi kenan. Amma ku injiniyoyi kunyar Hausa kuke ji a gaban masu ba ku kwangila, shi ya sa komai sai da Turanci.

Injiniya Bala: Haba Malam, shekara nawa ina koya wa yara a bakin rami da Hausa? Yaron zai je kanti ne, in ya ce a ba shi matsagi ba wanda zai miƙo masa komai.

Malam Sani: Ku yi haƙuri manya, dare ya yi. Na rubuta injin waldar faiba, mai saita ɓargo da mai saita jiki, askar faiba, kuma zan sa sunan kanti a gefen kowanne saboda sayayya. Auren mangwaro zan yi misali da shi a aji.

Malam Garba: Ɓargo dai ya shiga, na gode. Walda kam ban yarda ba, in za a sake bugawa a tuntuɓe ni.