Shawarwarin iyayen yara masu tatata

Da iyaye matasa masu yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyu suka tattauna, maganar barci ce ta cinye lokaci. Kusan kowa ya yarda cewa yaron da ya rasa barcin rana, da yamma sai rigima. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro a wannan shekaru yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana, har da na rana. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a tsayar da lokacin kwanciya guda, a yi wanka, a rage haske, uba ma ya karɓi nasa rabon aikin.

Waya kuwa ta raba kan mutane. Jagorar ta ce kada a zaunar da ɗan shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ni dai ina tare da wannan, ko da yake akwai ranar da gajiya kan fi ƙarfin uwa.

Wasu sun ce a daina gaggawa. In yaro ya zura ƙafarsa cikin takalmin babansa yana ja yana dariya, ko ya nace sai ya riƙe tsintsiya, a bar shi, sharar ba za ta gudu ba. In ya fara birgima yana kuka, kada a yi tsawa. A tsuguna daidai tsayinsa, a ba shi zaɓi tsakanin abu biyu.