Neman taimako: awon radiyeshon a ƙananan fili ya ƙi daidaituwa

Assalamu alaikum, malamai da abokan aiki masana fiziks na asibiti. Muna shirya injin gashin cutar daji mai ƙarfin megavolt 6 (6 MV) domin ƙananan ƙari na ƙwaƙwalwa, amma awo ya cije mana.

A filin santimita 10 sau 10, wato faɗin wurin da hasken radiyeshon ke sauka, komai lafiya lau. Da mun sauko zuwa santimita 1 sau 1 a tankin ruwan da muke awo a cikinsa, sai ma'aunai su raba gari: ƙaramar cemba (ma'auni mai iska a ciki) tana ba da awo ƙasa, diyod (ma'aunin da aka yi da silikon) kuma yana haurawa. Dalilin sananne ne: cemba tana haɗa tsakiyar haske da gefensa ta ba da matsakaici, silikon kuwa ya fi ruwa nauyi, shi ya sa awonsa ke haurawa. Cembar Farmer, wadda aka saba awo da ita a manyan filaye, ma ba a maganarta, ta yi girma.

Mun sa gyaran da ke cikin TRS-483, kundin ƙa'idojin awon ƙananan filaye na hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA), na 2017, tazarar ta ragu amma ba ta rufe ba.

Shin ku kuna bi ta filin 4 sau 4 ne wajen haɗa awon cemba da na diyod? Kuma yaya kuke tabbatar da ma'auni na zaune daidai tsakiya, tunda kaucewar milimita ɗaya na ɓata lissafi? Mai amfani da ma'aunin lu'u-lu'u na microDiamond ko fim ɗin awon radiyeshon na EBT3, don Allah a taimaka mana.